Damin da Bai Zo Ba

Unguwar Giginya, Masanawa
Disamba, 2002

Zuwa ga ƙanena Dalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Asibi da yara kuna lafiya, kuma an yi salla lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da tarin da ke damun 'yata Kamila, shi ma ya fara sauƙi. Na gode da zuwanka gaisuwar Malam. Kakata da kakarka ne kawai suka haɗa uwa, amma ka zo, alhali akwai waɗanda suka fi ka kusa da ba su tako ba.

Ni dai ga ni a ɗaki cikin takaba. Tsofaffin gidan nan sun ɗora mini dokokin da ban taɓa gani a littafin fiƙihu ba: kada in ɗaga murya, kada in yi sauri, kada in leƙa zaure. Na ce musu shari'a ta yarda mai takaba ta fita da rana in da larura. Suka ce wannan karatun boko ne. Na bi nasu, don ba na son a ce matar Malam Muhammad Nur ta gaji da makokinsa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Ga dalilin rubuto maka. Ka san fadamar Malam ta bakin rafi, wadda ya ba Alhaji Uwaisu aro shekarar da ƙafafunsa suka fara kumbura. Ka kuma san ƙa'idar aron gona a nan. Mai aro ya noma ya ci, amma ba ya dasa itace, ba ya taɓa ɗorawar da ke ciki, kuma duk kaka zai aiko da dami ɗaya na dawa, a ɗauko a ka, da rana tsaka, a sauke a ƙofar mai gona mutane na kallo. Lokacin da kake karatun aikin gona kana yin hutu a wurinmu, kai ne kake fita ka sauke shi, kana ƙorafin ƙaiƙayi.

To, bana an yi girbi, an ɗaure, an kai rumbu, damin bai zo ba.

Na aiki Lukuman, ƙanen Malam, ya je ya yi magana. Ya ce to. Sai na tuna babur ɗin da yake acaba da shi na Alhaji ne, na daina jiran amsa. Kai kuwa kana Gwarzo, shi ma can ya koma da zama tun da ya shiga siyasa. Ka je ka same shi, ka tuna masa cewa bana ba mu ga hatsinsa a ƙofar gidan nan ba. Gonar nan ita ce kaɗai abin kirki da Kamila za ta gada. Ta tudun ba ta yi komai ba bana, rumbunmu bai kai rabi ba, albashinmu na malamai kuma ya maƙale a hannun masu tsuke bakin aljihu, waɗanda ban taɓa ganin nasu aljihun ya tsuke ba.

Malama Lucia, abokiyar koyarwata, ita za ta kawo maka wannan in ta shigo Gwarzo zuwa coci ranar Lahadi. Ka ba ta amsa.

Yayarka,
Yelwa

Gwarzo
Janairu, 2003

Zuwa ga Yaya Yelwa,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki kuma na ji daɗin jin kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Kamila sauƙi, ya jiƙan Malam, ya sa kabarinsa ya zama dausayi. Asibi na gaishe ki, ta ce da kin fita takaba ki zo ki huta wurinmu.

Yaya, wasiƙarki ta ɗaga mini hankali. Ban san abin ya kai haka ba. Me ya sa ba ki gaya mini tun ranar gaisuwa cewa rumbu ya yi ƙasa ba? Washegari na je gidan Alhaji, na yi sa'a ya gan ni duk da cinkoson mutane. Na gaya masa halin da kuke ciki, babu albashi, babu abinci, ga marainiya. Wallahi Yaya, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ashe Malama na cikin matsi haka ba wanda ya faɗa mini?" Da na ambaci dami sai ya yi dariya ya ce dami ɗaya me zai yi wa gida, ai kwana nawa ne. Kin san shi ne shugaban kwamitin zakka na garinku. A gabana ya sa aka sa sunanki a farko. Buhu guda cur za a kawo miki.

Ki riƙa kyautata masa zato. Mutumin kirki ne. Nan ofishinmu ana ta rage ma'aikata, malaman gona da yawa an sallame su. Ni ma sunana ya shiga, shi ya yi magana aka cire. Don haka ki kwantar da hankalinki, muna da mutum.

Ƙanenki,
Dalhatu

Unguwar Giginya
Janairu, 2003

Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don Musulunci ya ce a yi. Muna lafiya. Tarin Kamila ya tafi, nawa ciwon ya zo.

Ka sake karanta wasiƙata. A ina na ce ina jin yunwa? Na aike ka gidansa da saƙon mai gona, ka fito mini da saƙon mabaraciya.

Bari in ba ka labarin abin da alherinka ya haifa, tunda ba ka nan. Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga a-kori-kura da lasifika a kai, ta tsaya daidai ƙofar gidan nan. Ina ɗaki ina ji. Mai lasifika ya yi wa'azi a kan zakka, ya yi wa Alhaji kirari, sannan ya ce, "Ta farko, Yelwa, matar marigayi Malam Muhammad Nur, mabuƙaciya mai marainiya." Sau uku ya faɗa, don na bayan gari su ji. Shekara ashirin ina koya wa 'ya'yan garin nan karatu, ba a taɓa kiran sunana a lasifika ba sai ranar. Har da mai hoto aka zo. Na miƙe zan fita, tsofaffi suka tare ƙofa, wai mai takaba ba ta shiga taron maza. Lukuman ne ya karɓa a madadina, ya durƙusa har ƙasa, ya yi godiya da bakina.

Ka gane abin da aka yi kuwa? Dawar nan daga fadamar Malam ta fito. Da an ɗauko dami ɗaya a ka, duk wanda ya gani ya san Alhaji ɗan aro ne. Da aka kawo buhu a mota, duk wanda ya gani ya san ni ce mai karɓa. Bara shi ke zuwa ƙofarmu don dole, bana mu ke yi masa godiya. Kai ka ba shi wannan dabarar a kyauta, ko tunaninta bai sha wahalar yi ba.

Lucia ta shigo da yamma ta tarar ina huci. Ta ce, "Maman Kamila, ki ci abinki mana, ai dawarki ce ta yi yawo ta dawo gida a mota." Na ce ta fita mini daga ɗaki. Ta ce ba za ta fita ba sai na yi dariya. Ban yi ba, ta kuwa zauna har magariba.

Buhun yana zaure, ban kwance bakinsa ba, kuma ba zan kwance ba. Ba na gaba da zakka, hakkin Allah ce. Amma wanda ya riƙe hakkinka ba shi da ikon miƙo maka shi da sunan sadaka. Ka koma ka gaya masa ya aiko a ɗauki buhunsa, ya aiko mini da damina.

Yelwa

Unguwar Giginya
Fabrairu, 2003

Dalhatu,

Assalamu alaikum. An yi babbar salla lafiya? Ina fatan ba rashin lafiya ce ta hana ka amsa ba. Lucia ta ce ta ba Asibi wasiƙata hannu da hannu. Duk Lahadi in ta dawo sai in dubi jakarta, ita kuma ta dubi ƙasa.

Yanzu na san dalili. An dasa mangwaro a fadamar Malam. Layi-layi, mai aure, kowanne da ɗan shingensa na ƙaya, ana ba su ruwa safe da yamma daga rafi. Wa ke dashe da rani, in ba wanda yake sauri ba? Alhaji yana so su kama ƙasa kafin in fita daga ɗakin nan. Ɗan aro ba ya dasa itace, wannan ko yaron goye ya sani. In suka yi ganye ba wanda ya ce uffan, shi ke nan, gobe zai ce wa dagaci, "Da ba tawa ba ce, da an bar ni na dasa?"

Lucia ta bi ta hanyar rafi za ta makaranta, ta ga masu dashen. Ta ce akwai wani mai hular malafa da igiyar awo a hannu, yana buga turaku yana nuna inda za a haƙa. Ta ce, "Maman Kamila, idona ba shi da kyau sosai, ƙila ba shi ba ne." Na ce, "Lucia, ke da kike hango yaro mai satar amsa daga ƙarshen aji?"

Kai ne, Dalhatu? Ka faɗa mini da hannunka. A gonar da Malam ya koya maka riƙon fartanya?

Na aika wa maƙwabta a ga ko wani zai je ya yi magana a gaban mai unguwa. Duk sun ga damin nan shekara da shekaru, yanzu duk sun makance. Ban ga laifinsu sosai ba. Takin gwamnati ta hannun Alhaji yake biyowa, kuma damina na tafe. An ce mana shari'a ta zo, mun yi murna, ni da kaina na yi guɗa. To ga ta nan ta zo, tana bin mai ɗan kwali ba mayafi a bakin kasuwa, amma ba ta san hanyar bakin rafi ba.

Yelwa

Gwarzo
Maris, 2003

Yaya Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Kamila. Ƙaramin yaronmu ya yi ƙyanda, mun kwana biyu a asibiti, amma ya warware. Wasiƙunki biyu suna hannuna. Na ɗauki biro ya fi sau nawa ina ajiyewa.

Ni ne, Yaya. Daga lambun dashen ofishinmu aka fitar da su, cikin shirin dasa itatuwa don tare hamada. Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce in bi motar Alhaji in auna masa. Sai da muka sauka na ga inda aka kawo ni. Me kike so in yi? In jefar da igiya in ce ba zan yi ba? Da kafin in iso Gwarzo takardar sallamata ta riga ni. Ke kina ɗaki ba kya iya fita, ni ina waje, amma wallahi ban fi ki sakewa ba. Bakuna nawa ke jiran wannan albashin, har da tsohuwata.

Batun buhu kuwa, na yarda ban fahimce ki ba. Na ga kin ambaci rumbu da albashi, zuciyata ta tafi can.

Ga shawarata, ki saurare ni ko da kina fushi. Na ɗan taɓa wa Alhaji maganar. Ya ce shi Malam ya bar masa gonar tun yana raye, tsakaninsu su biyu. Amma ya ce don zumunci zai ɗauki nauyin karatun Kamila har ta gama sakandare. Yaya, ki karɓa. Ba a ja da irinsu, ga zaɓe ya matso, duk garin nasa ne. Gona ba ta fi yarinyar ba.

Ƙanenki,
Dalhatu

Unguwar Giginya
Afrilu, 2003

Dalhatu,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, a riƙa kula da idonsa bayan ƙyanda. Mu muna lafiya. Na fita takaba, an yi addu'a, an raba waina.

Ka ce ya ɗauki nauyin Kamila. Da amfanin gonar ubanta zai biya, sannan ta girma tana durƙusa masa. Ban haife ta don haka ba.

Na yi tunani sosai a ɗakin nan, lokaci ne da ni. In na tumɓuke mangwaronsa, ni ce mai ɓarna, ɗauri ne. In na kai shi ƙara, ni ce zan kawo shaidu, ba ni da su. Amma in shi ya kai ni, shi zai kawo. Sai na tuna ɗorawa. Ɗorawar gonar aro ta mai gona ce, duk shekara mu ke kaɗe ta, kuma ga ta ta nuna. Na ce zan je in kaɗe ta a gaban kowa. In ya hana ni, mu haɗu gaban alƙali, shi ne mai ƙara.

Ranar kasuwa na zaɓa, lokacin da hanyar rafi ke cike. Na ɗauki gora mai ƙugiya, Kamila ta ɗauki kwando, Lucia ta biyo mu wai ita 'yar kallo ce. Na ratsa ta tsakiyar mangwaronsa ban taɓa ko ɗaya ba, na fara kaɗa. Mutane suka tsattsaya. Ba a jima ba sai ga motarsa. Na yi murna. Na ce yau za a yi ta.

Ya fito yana gyara babbar riga, fuskarsa fal murmushi. Ya ce, "Malama, barka da fita. Ya ƙarin haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Alhaji. Na zo kaɗe ɗorawata a gonar mijina."

Ya ce, "Haba Malama, da kanki? Da girmanki?" Ya juya wajen leburorinsa ya ɗaga murya. "Kai, ku bar ban ruwan nan ku hau ku kaɗe wa baiwar Allah. Ku kai mata har gida." Sannan ya dubi 'yan kasuwa. "Jama'a ku shaida, na bar mata ɗorawar nan. Duk shekara ta zo ta ɗiba, ita da marainiyarta. Kada wanda ya hana ta."

Na ce, "Ba ka bar mini ba, tawa ce! Kai ne ɗan aro!"

Ya ce, "Allah sarki. Rashin miji ba daɗi. A yi mata uzuri."

Dalhatu, mutane suka hau sa masa albarka. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, ki gode mana, irinsu nawa ne?" Ina tsaye da gora a hannu, ɗorawata na zubowa a kaina daga hannun yaransa. Lucia ta ce, "Yesu! Wannan mutumin ko marinsa kika yi, zai ce shi ya ba ki aron kuncinsa."

Na je wurin dagaci, ya ce a yi haƙuri, a bari a gama zaɓe. An gama, Alhaji ya ci, haƙurin bai ƙare ba. Don haka na kai ƙara kotu da kaina. An sa zama Larabar farko ta watan gobe.

Lucia ta ce za ta tsaya mini, ita da mijinta Gregory, sun ga damin da idonsu. Magatakarda ya yi mini raɗa cewa kada in dogara da shaidarsu a wannan zauren, tunda ba Musulmi ba ne. Amma na karanta, na kuma tambaya: a shari'ar dukiya, namiji ɗaya adali tare da rantsuwata ya isa. Ɗaya tak. Ba na roƙonka ka zagi kowa ko ka ce an yi zalunci. Ka tsaya kawai ka ce, "Na sauke damin da hannuna." Abin da ya faru ne. Ba zai ɗauke ka tsawon shan kofin ruwa ba.

Na san abin da zai iya jawo maka, ba yarinya ba ce ni. Duk da haka ina tambaya, don ba ni da wani.

Yayarka,
Yelwa

Gwarzo
Afrilu, 2003

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yaro ya koma makaranta. Na sami saƙonki.

An zaɓe ni zuwa kwas na wata uku a Zariya. Shekaru ina nema ban samu ba, sai shekaranjiya aka kira ni aka ba ni takarda. An ce wanda ya je, rage ma'aikata ba ta taɓa shi. Ranar Litinin za mu tashi, kafin zamanku. Ban tambayi wanda ya sa sunana ba, ke ma kada ki tambaye ni.

Asibi ta yi kuka da na karanta mata wasiƙarki. Ita ce ta haɗa mini kaya.

Ki yafe mini, Yaya. Ki gaishe da Kamila.

Dalhatu

Unguwar Giginya
Mayu, 2003

Zuwa ga ƙanena Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Zariya lafiya, kuma karatu na shiga. Allah ya ba da sa'a. Da gaske nake, ka riƙe aikinka, ka saye shi da tsada.

Wannan ce ta ƙarshe da za ta zo ta hannun Lucia, za ta bar wa Asibi. Sun ɗaure kaya za su koma Kafanchan. Gregory ya ce tun rikicin Kaduna ba ya barci da ido biyu, ciniki kuma ya mutu. Ta bar mini tukunyarta babba, ta ce in riƙa zaginta a ciki in na yi kewarta.

An ɗage zaman zuwa jibi, don Alhaji ya je a rantsar da shi. Zan je ni kaɗai. Alƙali zai ce ina shaidunki, in ce suna wurin aiki. Sai a miƙa wa Alhaji Alƙur'ani ya rantse cewa Malam ya bar masa. Zai rantse, na sani. Amma sai ya yi alwala ya ɗora hannu a gabana, kuma wannan kam ba zai iya cewa sadaka ya ba ni ba. Zan tsaya kusa in kalli hannun.

An yi ruwan farko daren Talata. Mangwaronka duk sun kama, ba wanda ya mutu. Ka iya aikinka, da Malam ya gani da ya yi alfahari.

Rumbunmu ya ƙare tun makon jiya, albashi bai zo ba. Jiya Kamila ta tsaya a zaure tana kallon buhun nan. Ƙwari sun fara cinsa ta gindi. Na ɗauko wuƙa na yanke bakinsa da kaina, na auna, na kai niƙa.

Dawar fadamar Malam ce, ko a ido na gane ta. Tuwon ya yi kyau. Kamila ta ƙara.

Yayarka,
Yelwa